Shekarar da Aka Shuka Gyaɗa a Maƙabartarmu

Ubana ne ya ba ikilisiyarmu maƙabarta. Ina faɗar wannan tun da fari domin akwai waɗanda suka taso a baya suna zaton filin nan tun asali na kowa ne, alhali kuwa yanki ne na gonarmu ta gado, wadda take gabas da majami'a. A ƙasarmu, tsakanin Kunci da Ɗambatta, gona manne take da gona, babu jeji, babu saura, kuma magidanci ba ya sakin kunya guda sai da dalili mai nauyi. Ubana ya saki fili mai faɗi, gama mu masu bi kaɗan ne a ƙauyen, bai kuwa so a riƙa tsayawa da gawarmu a rana ana shawarar inda za a sa ta ba.

Ba al'adarmu ba ce mu zuba siminti a kan kabari, ko mu kafa allo mai rubutu. Idan aka rufe mutum, sai a dasa tushen gamba a wajen kansa, irin wadda ake dasawa a iyakar gona. Sauran sanin kuwa a ka yake zaune. Akwai wani tsohon gawo a tsakiyar filin, daga gindinsa ake ƙirga taku zuwa makwancin kowa. Ubana ya riƙe wannan ƙidaya har ya tsufa, kana ya danƙa mini ita, ni kaɗai cikin 'ya'yansa. Kowace shekara, ranar Asabar ta jajiberin Ista, ikilisiya duka takan fita da tsintsiya da fartanya. Ni nake shigewa gaba. In taka, in tsaya, in ce nan wane yake kwance, ɗan wane, wanda ya rasu shekarar da rijiyar kudu ta rufta. Sai iyalinsa su matso su share, su yi addu'a, mata suna waƙa a hankali daga baya. Ba zan ɓoye ba, nakan ji daɗin ranar nan fiye da yadda ya kamata mutum ya ji daɗin ziyarar matattu.

Sai dai ba kowane kabari ne yake da gamba ba. Wanda ya rasu da rani, ƙasa ba ta karɓar dashe, sai a jira damina, wani lokaci kuma a manta. Jarirai ma ba a cika dasa musu ba. Matata tana cikin waɗannan. Ta rasu cikin bazara, ana tsananin zafi. Da ruwa ya sauka na dasa mata, awaki suka cinye; na sake dasawa, gara ta ci saiwar. Ban yi na uku ba. Na ce a raina, me zan yi da ciyawa, ni da nake riƙe da taku ashirin da ɗaya daga gawo zuwa gabas, da huɗu zuwa kudu? A gefenta na hagu na bar gurbi guda. Kowa a ikilisiya ya san akwai wurin da na keɓe wa kaina kusa da ita, amma babu wanda zai iya ɗora ƙafa a kansa ya ce ga shi, sai ni.

Fastonmu matashi ne mai ladabi, wanda aka aiko mana daga kudancin jiha. A shekararsa ta fari ya bi mu ranar shara, ya ga yadda ake yi. Da yamma ya zo zaurena da littafin rubutu a hannu, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baba," ya ce, "da za ka faɗa mini takun nan in rubuta, in zana filin, sai mu ajiye a akwatin majami'a."

"Fasto, abin da ubana bai sa a takarda ba, ni ba zan sa ba. Ina nan da raina, hankalina kuma bai gushe ba."

"To, Baba," in ji shi. Ya rufe littafin, muka shiga wata magana.

Bayan damina biyu yanar ido ta rufe mini gani, har ba na bambanta akuya da kare sai sun yi kuka. 'Yata da take aure a Kano ta zo ta ɗauke ni zuwa asibiti. Aka yi mini aiki a ido ɗaya, aka ce a jira ya warke kafin a taɓa ɗayan. Haka Ista ta wuce ba na gida, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka haife ni. Ban komo ba sai da ruwa ya zauna sosai, gero ya kai gwiwa.

Wadda na fara haɗuwa da ita a bakin hanya ita ce uwar zumuntar matanmu. Taubashiyata ce, 'yar ƙanwar ubana, tsohuwa mai ƙarfin murya, wadda tun muna yara ba ta taɓa barina na wuce lafiya ba.

"A'a! Ga makaho ya dawo da idon mage," in ji ta. "To, ka ga munin da matarka ta yi shekaru tana haƙuri da shi, ko ba su ba ka madubi ba?"

"Na gani," na ce. "Yanzu kuma da na dube ki, na gane abin da ya kashe mijinki."

Ta yi dariya har ta dafa kafaɗata. "Ajiye kayanka ka zo ka ga aikin da muka yi da ba ka nan kana hana ruwa gudu."

Muna tafe tana ba ni labari. Akwai rumbu a harabar majami'a wanda ake zuba hatsi domin gwauraye da gidan Fasto, bara kuwa bai kai tsakiyar rani ba ya ƙare. Gonaki sun tsattsage da rabon gado, babu mai iya bayar da dami kamar da. Saboda haka dattawa suka zauna suka ce, tun da rabin maƙabarta na gabas babu kowa a ciki, a noma shi wa ikilisiya har ranar da za a bukace shi. Suka dubi inda gamba ta ƙare, suka bar taku uku domin girmamawa, suka ja iyaka. Aka yi gayya, maza da garmar shanu, mata da kunu da waƙa, aka shuka gyaɗa.

"Gawon fa?" na tambaye ta, gama tun daga nesa na ga sama a buɗe a inda ya kamata ya tsaya.

"Iskar ruwan fari ta kayar da shi. An sassaƙa turmi biyu da shi, an tone kututturen domin garma ta wuce. Me ya sa ka tsaya?"

Da sabon idona na ga filin sarai, yadda ban gan shi ba cikin shekaru. Kunyoyi a miƙe, gyaɗa kore shar, tun daga wajen da gawo yake a da har iyakar gabas. Matata tana wani wuri a ƙarƙashinsu, da gurbina, da jarirai, da dukan waɗanda suka rasu da rani.

A nan ya kamata in buɗe baki. Ban buɗe ba.

Ran Lahadi bayan sujada, ana tsaye a ƙofar majami'a ana yi mini barka da dawowa, Fasto ya tambaye ni a gaban jama'a, "Baba, ba mu dai shiga wurin kowa ba ko?" Na dubi fuskokinsu, mutanen da suka yi wuni suna huɗa da yunwa domin gwauraye su ci. Na kuma san idan na ce sun shiga, tambaya ta biyu ita ce, wurin wa, kuma a ina. Ba ni kuwa da amsarta, tun da gawo ya tafi. Sai na ce, "Ban ga ɓarna ba." Aka ce madalla, aka watse.

Ina da ƙane guda da ya musulunta tun yana saurayi, gidansa yana jikin nawa, katanga ɗaya ta raba mu. Ba a taɓa haƙa kabari a ikilisiyarmu bai zo da digarsa ba, mu ma haka muke yi idan rasuwa ta faɗa musu. Da yammacin ranar ya shigo zaurena ya zauna.

"Yaya, masu gayyar maƙabarta sun zo aron shanuna na hana su," ya ce. "Na ce su jira ka. Suka samo na wani."

"Babu laifi."

"Ni dai na tuna ranar da muka rufe uwargida, kamar mun yi nisa da gamba."

"Kai ka riƙe ƙidayar, ko ni?"

Ya dubi ƙasa, sa'an nan ya yi mini sai da safe.

Daga ranar na shiga fita da sassafe, kafin mutane su tafi gona, in je in tsaya inda nake zaton gindin gawo yake. An cike ramin, an yi huɗa a kansa, babu alama. In zaɓi wuri, in ƙirga ashirin da ɗaya, in juya kudu in ƙirga huɗu. Yau in tsaya a nan, gobe in tsaya a can. Na kuma lura da wani abu da ban taɓa kawowa a raina ba: takuna na yau ba shi ne takun da na yi shekarar da ta rasu ba. A da gawo da gamba suna gyara mini kuskure ban sani ba. Yanzu babu mai gyarawa.

Da gyaɗa ta yi fure, sai wasu wurare suka fi wasu duhun ganye da tsawo. Mata masu noma suna yabawa, suna cewa Ubangiji ya sa albarka a gonarsa. Ni kuwa ina duban wuraren nan ina ganin tsawonsu bai wuce tsawon mutum ba, waɗansu ma ba su kai ba. Da marka ta kama, kwana uku ana ruwa ba ɗaukewa, sai kunya ta lotsa a wurare dabam-dabam, ruwa ya kwanta a ciki. Na ƙirga su, suka fi abin da nake riƙe da shi a ka. Ko dai ruwa ne kawai ya zaizaye ƙasa, ko kuwa akwai waɗanda ubana ya manta bai faɗa mini ba. Ban san wanne ne ba.

Wata safiya taubashiyata ta same ni a tsakiyar gyaɗa, tana ɗauke da ƙwaryar rama a ka.

"Ɓarawo! Tun ba ta nuna ba ka fara zagaye ta?"

"Ina duba aikinku ne, gama na san hannun mata ba ya miƙe kunya."

"Hannun mata ne ya yi maka tuwo har haƙoranka suka zube." Ta sauke ƙwaryar, ta dube ni, wasan ya bar fuskarta. "Kai, wajen gamba ya cika, ka sani. Wanda zai bi yanzu a cikin gyaɗar nan za a sa shi. Nuna mini nawa tun ina ganinka, kada ka je ka haɗa ni da mai minshari."

Na ɗaga sanda na nuna wani wuri can wajen kudu.

Ba ta dubi wurin ba, hannuna ta duba. "Sandarka tana rawa," ta ce.

"Tsufa ne."

"To," in ji ta. Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce, ba ta ƙara tsokanata ba.

Ba a yi mako uku ba zazzaɓi ya kwantar da ita. Kwana huɗu ta yi. Ranar Talata da hantsi aka buga ƙarfen majami'a, bugu ɗai-ɗai irin na rasuwa, na kuwa san na wace ce tun kafin a aiko.

Gidanta ya cika. Matan zumunta suka ɗaura zanensu iri ɗaya, suka zauna a tsakar gida da tulunan kiɗa a gabansu, amma babu mai bugawa, gama ita ce take ba da waƙa. Maƙwabtanmu Musulmi suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida suna karɓar gaisuwa tare da mu. Sama ta yi nauyi, hadari yana haɗuwa a gabas, kowa yana so a gama kafin ruwa ya sauko. Babban ɗanta, magidanci mai 'ya'ya, ya zo da shebur a kafaɗa ya tsaya a gabana.

"Baba, muna jiranka. Kai za ka nuna."

Muka tafi, ni a gaba kamar kullum, maza suna biye. Na tsaya inda nake zaton gawo, na yi taku a hankali yadda kowa zai gani, ina motsa baki kamar mai ƙirga abin da ya tabbata. Na kauce wa wuraren da suka lotsa, na kauce wa masu duhun ganye, na zaɓi wani wuri da ya yi mini kama da ƙasar da ba a taɓa ba. Na kafa sanda na ce, "Nan."

Aka tuge gyaɗar, har ta fara 'ya'ya farare. Ƙanena da ɗan marigayiyar suka shiga haƙa, sauran suna kwashe ƙasa. A wurinmu akan haƙa babban rami, kana a haƙa ƙarami a cikinsa a kwantar da mamaci, a jera itace a kai, sa'an nan a mayar da ƙasa. Wanda ya saba haƙa ya san bayan baƙar ƙasar noma akwai ja mai tauri, wadda diga take tsalle a kanta. Sun kai gwiwa, diga ba ta yi tsalle ba.

Ƙanena ya tsaya, ya ɗebo ƙasa a tafin hannu, ya matso bakin ramin ya yi magana ƙasa-ƙasa domin ni kaɗai in ji.

"Yaya, duba. Ja da baƙa a gauraye. An taɓa tona wurin nan."

"Marka ce ta jiƙa ta."

"Marka tana jiƙa ƙasa, amma ba ta gauraya ta."

Mutane suna kallonmu. Daga wajen gari na fara jin waƙar mata, alamar an ɗauko makara. Na ce da ƙarfi, "Ku ci gaba."

Ƙanena ya dube ni, ya ajiye digarsa a gefe, ya fito daga ramin. Ɗan marigayiyar bai ji abin da muka faɗa ba, ya ɗauki digar ya ci gaba. Sara uku ya yi. A na huɗu digar ta shige da wani sauti mara ƙarfi, kamar an taka ruɓaɓɓen kara, ta nutse har ƙota. Da ya zare ta, guntun baƙin itace ya biyo bakinta, ƙasa kuma ta soma zurarewa a hankali cikin wani rami wanda ba mu muka haƙa ba.

Babu wanda ya motsa. Ana jin zubar ƙasar nan.

"Ku tsaya," na ce, ko da yake kowa ya riga ya tsaya. "Kada wanda ya leƙa."

Ɗan marigayiyar ya fito da baya. "Baba, wane ne a nan?"

Na buɗe baki domin in ba da suna, gama sunaye suna nan a kaina birjik, kowanne kuwa na faɗa za a karɓa. Sai na ga ramin yana wajen gabas, ya ɗan karkata kudu. Na ce, "Ban sani ba."

Makara ta iso bakin filin, masu ɗauke da ita suka tsaya, waƙa ta mutu. A gaban ikilisiya duka, da maƙwabtanmu, da gawar taubashiyata, na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun ranar da na dawo: cewa akwai mutane a ƙarƙashin gyaɗar nan, waɗanda suka rasu da rani da jarirai, cewa matata tana cikinsu, mai yiwuwa ma ita ce wannan, cewa tun da gawo ya faɗi ban san makwancin ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma na ce ban ga ɓarna ba alhali na gani.

Wata mace cikin 'yan zumunta, wadda ta binne jariri shekarun baya, ta ɗora hannu a ka. "Wayyo, Baba! Da hannuna na nome wurin nan, sau biyu!" Aka riƙe ta.

Da Fasto ya yi mini faɗa, da ya fi mini sauƙi. Ya karɓi shebur da kansa ya fara mayar da ƙasa, sauran suka taya shi, ƙanena ya karyo reshen aduwa ya kafa a wurin. Kana Fasto ya tambayi dattawa inda aka tabbata babu kowa. Babu wani wuri sai ɗan siririn filin da yake tsakanin bangon majami'a da hanya, inda mata suke shanya kuka da rani. A can aka haƙa, ƙasa ja mai tauri, diga tana tsalle. Muka rufe ta ruwa yana sauka a kanmu, indararon majami'a yana zuba kusa da ƙafafunta.

Gyaɗar ta nuna a lokacinta, babu wanda ya tuge ta. Ta bushe a ƙasa, ɓeraye da awaki suka ci rabonsu, rumbun gwauraye kuwa bai sami ko ƙwarya ɗaya daga cikinta ba.

Bayan kaka dattawa suka zauna a majami'a, suka yanke cewa ba za a ƙara sa garma ko diga a gabashin maƙabarta ba har abada. Wani cikinsu, domin ya girmama ni, ya ce ban da gurbin Baba, wanda yake na ɗan mai filin ne, idan lokaci ya yi sai a gwada a nema. Na miƙe na ce kada a gwada. Na ce ban yarda a sa ƙarfe a ƙasar nan domina ba, gama wanda zai neme ni kusa da ita, ita zai tono. A sa ni a jikin bango, bayan taubashiyata.

Filin jikin bango ba shi da yawa, mu tsofaffin ikilisiya kuwa mun fi shi yawa. Da aka tashi, ɗan marigayiyar ya ɗauko fartanya muka zagaya tare. Ya gwada da ƙotarta daga gefen kabarin uwarsa zuwa inda hanya ta soma, ya sake gwadawa, sa'an nan ya ɗago kai.

"Zai ishe ka, Baba," ya ce. "Amma na bayanka sai dai a ci hanya."